A dawo mana da kuɗin kwalba

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi kafin gorar roba ta cika gari ya san tambayar da mai shago ke fara yi wa yaron da aka aiko sayen lemo: "Ina kwalba?" In ka zo da ita, ya karɓa ya jefa a kiret, ya miƙo maka mai sanyi. In ba ka zo da ita ba, ko dai ka tsaya nan ka shanye, ko ka ajiye kuɗin kwalba, ranar da ka dawo da ita a ba ka kuɗinka. Motar kamfani idan ta zo sauke kaya ba ta komawa wayam. Tana kwashe kwalaben da aka shanye, a kai masana'anta a wanke a sake cikawa, kwalba guda ta yi ta zagaye har ranar da ta fashe. A wancan zamani da wuya ka ga lafiyayyar kwalba a cikin kwata, domin ko wani ya yar da ita, kafin magariba wani yaro ya tsince.

Babu wanda ya yi mana wa'azin kare muhalli a lokacin. Kwalbar dukiyar kamfani ce, kamfani yana son abinsa, don haka ya shimfiɗa hanyar da za ta koma hannunsa daga kowane lungu. Da gorar roba ta zo, wannan hanya ta fara mutuwa. Gora ba ta da nauyi, ba ta fashewa, mota tana ɗaukar da yawa, kuma ba sai an dawo da ita ba. Ga kamfani wannan riba ce tsantsa: kuɗin jigilar dawowa da na wanki da na ajiyar kiret duk sun sauka daga kansa. Sai dai ɗawainiyar ba ɓacewa ta yi ba, kanmu ta dawo.

Mu ne muke biya duk damina, sa'ad da matasan unguwa suka fito da shebur suna yashe magudanar ruwa, abin da suke tulawa a bakin titi rabinsa gora ce da leda. Makiyayi yana biya, wanda tunkiyarsa ke ramewa tana ci ba ta ƙiba, sai ranar da mahauci ya farke tumbi a ga dunƙulen leda ya cike shi. Manomin da ke sayen takin bola ya watsa a gona yana biya, domin shekara da shekaru garma na tono masa ledar da ba ta ruɓa ba. Tsohuwar da gidanta ke kusa da juji ita ma tana biya da ƙirjinta, duk yammacin da aka cinna wa tarin shara wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka yi shawara da shi ranar da aka yanke cewa lemo da ruwa za su koma cikin roba.

Manyan kamfanonin sun san da wannan, shi ya sa suke yawan alkawari. A watan Janairun 2018 Coca-Cola ya sanar cewa kafin 2030 zai riƙa tattaro gora ko gwangwani guda a madadin kowane guda da ya sayar. A 2022 ya ƙara da cewa kafin wannan shekarar, kashi 25 cikin 100 na abin shan da yake sayarwa a duniya zai kasance cikin mazubin da ake dawowa da shi a sake cikawa, wato dai tsarin kwalbar da muka sani. Na yi murna da wannan alkawari na biyu fiye da na farko. Amma a watan Disambar 2024 kamfanin ya fitar da sababbin manufofi: wa'adi ya koma 2035, abin da za a tattaro ya sauko zuwa kashi 70 zuwa 75, maganar sake cikawa kuwa babu ita a jerin. Unilever, mai sabulai da kayan girki, ya yi alkawari a 2019 cewa zai rage rabin sabuwar robar da yake amfani da ita kafin 2025. A 2024 shi ma ya sassauta, ya rage adadin ya kuma ɗage lokacin.

Ba ina cewa duk wanda ke aiki a sashen kula da muhalli na waɗannan kamfanoni mayaudari ba ne. Akwai masu gaskiya a cikinsu, kuma an samu ɗan ci gaba, musamman wajen yin sabuwar gora da narkakkiyar tsohuwa. Matsalar tana cikin yanayin alkawarin kansa. Kamfani ne ya ɗaukar wa kansa, shi ke auna kansa, kuma ranar da masu hannun jari suka matsa masa shi zai warware, babu kotun da za ta kira shi. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, amma wannan kaya ne da mai shi ke iya saukewa duk inda ya ga dama, ba tare da ya biya ko sisi ba.

Alƙaluman OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, sun nuna cewa a 2019 duniya ta samar da roba tan miliyan 460, ninki biyu na abin da ta samar a shekarar 2000, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba aka sake sarrafawa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science Advances a 2024, wanda ya dogara da sharar da 'yan sa-kai suka tsinta suka ƙirga a ƙasashe 84, ya gano cewa fiye da rabin robar da ke ɗauke da tambari ta kamfanoni 56 ce, kuma Coca-Cola shi kaɗai yana da kashi 11. Ke nan ba da ɓoyayyen abokin gaba ake faɗa ba, sunan mai kaya yana rubuce a jikin kayan.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika haɗa shi da leda ba, wato ɗumamar yanayi. Kusan duk robar duniya daga man fetur da iskar gas ake yin ta. OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 roba ta haifar da kimanin kashi 3.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma mafi yawansa a wajen ƙera ta yake fita, tun kafin ta iso hannun mai saye. Mu da muke bakin Sahara, muke ganin yadda damina ke rikicewa da yadda zafin bazara ke ƙaruwa, bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin maganar Turawa ba. Shi ya sa na ji ciwon yadda taron yarjejeniyar roba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya watse. A Nairobi aka amince a watan Maris na 2022 cewa za a rubuta yarjejeniya mai ƙarfin doka. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Geneva a watan Agustan 2025 aka tashi haka nan. Ƙasashe fiye da 100 na son a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa, manyan masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce a tsaya kan kwashe shara kawai. Najeriya ma ba 'yar kallo ba ce a wannan lissafi, tunda tana da masana'antar sinadaran roba a Eleme, ga kuma matatar Dangote da ta fara samar da nata a 2025.

Tunda duniya ta kasa haɗa kai, abin da ya rage shi ne dokar gida. Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: talaka fa? Ledar fiya-wata ita ce ruwan shan miliyoyin mutane, saboda famfo ya daɗe da ƙafewa a unguwanni da yawa. Ƙananan masana'antun da ke ɗura ta suna ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa. Matar da ba ta da kuɗin babban kwalin omo tana sayen ƙaramar leda ta wanke kayan makarantar yaranta. Wanda ya ce a hana duk wannan gobe da safe bai san rayuwar mutane ba. Jihar Legas da kanta, wadda ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a Yulin 2025, ba ta taɓa gorar ruwa da ledar fiya-wata ba. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Yamai ko Damagaram ya san yadda dokar da babu madadi a bayanta take ƙarewa. Rwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, sun kuma ga sauyi, domin sun tsaya kan dokar da gaske.

Saboda haka ni ba haramci nake kira a fara da shi ba. A fara da gorar lemo da ta ruwa, waɗanda manyan kamfanoni masu ƙarfi ke ɗurawa, a sa mata kuɗin ajiya kamar yadda kwalba take da shi. Jamus ta yi haka tun 2003: kowace gora tana ɗauke da santi 25 na Yuro, ka mayar da ita kanti ka karɓi kuɗinka, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa. Su da na'ura suke karɓa. Mu ba sai mun jira na'ura ba, muna da masu shaguna a kowane layi, muna da dillalan da motocinsu ke zagaya gari kullum, muna kuma da 'yan jari-bola.

Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Yaro ne ko magidanci da buhu a kafaɗa, yana tona juji da hannu babu safa, yana taka fasasshen gilashi da allurar asibiti, ya tara gora buhu-buhu ya kai wa mai sikeli a auna a ba shi abin da bai kai ya kawo ba. Gora ba ta da nauyi, sai ya tara tuli kafin ta yi kilo guda. Kusan duk robar da ake cewa an sake sarrafawa a garuruwanmu ta hannunsu ta bi, amma a unguwa kallon ɓarayi ake musu, a rahoton kamfani kuwa sai dai a ga adadin tan da aka tattaro. Idan kowace gora tana da farashi tsayayye da doka ta yanke, guminsa ya daina dogara da ra'ayin mai sikeli. Zai kuma karɓe ta a ƙofar gida da wurin biki tana da tsabta, kafin ta kai juji.

Tushen dokar ma akwai shi. Hukumar NESREA, mai kula da bin dokokin muhalli a Najeriya, ta fito da tsarin ɗora wa mai ƙera kaya alhakin shararsa tun 2014, kuma a 2018 wasu manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙawancen tattara roba mai suna FBRA. Sai dai aikin da ake gani ya fi yawa a Legas da kewayenta, alhali kayansu na isa har ƙauyen da babu kwalta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: motar da ta iya kai lemo Gumel da Illela ta iya dawowa da gorar da aka shanye.

Za a ce farashi zai tashi. Kuɗin ajiya ba ƙari ba ne ga wanda ya mayar da gora, kuɗinsa ne zai dawo masa. Abin da zai ƙaru shi ne ɗawainiyar kamfani ta jigila da ajiya, kuma ita ce ɗawainiyar da ya saba ɗauka shekaru da dama a zamanin kwalba yana kuma cin riba. Har yau ma bai daina ba, tunda ana sayar da lemon kwalba a gidajen abinci da shaguna, kiret na tafiya yana dawowa.

Majalisun dokokin jihohi irin su Kano da Kaduna ba sai sun jira Abuja ba, kamar yadda Legas ba ta jira ba. Kano ce babbar kasuwar Arewa, babu kamfanin lemo ko na ruwa da zai yarda ya rasa ta. Idan majalisarta ta kira kamfanonin da ke ɗura gora, da hukumar kwashe shara ta REMASAB, da shugabannin 'yan jari-bola, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, za a iya yanke kuɗin ajiya, a ware wuraren karɓa a kasuwanni da tashoshin mota, a kuma wajabta wa kowane kamfani ya bayyana duk shekara yawan gorar da ya shigo da ita jihar da yawan wadda ya kwashe. Ledar fiya-wata ta biyo baya, da asusun da masu ɗura ta za su riƙa zuba wani abu gwargwadon ƙarfinsu, yayin da gwamnati ke gyara famfunan da rashinsu ya haifar da ita.