Man da muke raba kuɗinsa, ta Bodo yake bi

Duk wata idan aka zauna rabon kuɗi a Abuja, mu a Arewa kunnenmu na kan nawa jiharmu ta samu. Ba kasafai muke tambayar ta ina man ya biyo ba. Wani kasonsa ta Bodo yake wucewa, garin masunta a ƙaramar hukumar Gokana, ƙasar Ogoni, jihar Ribas.

Mashigin ruwan Bodo ba irin kogunanmu ba ne, teku ce ke juya shi. Sau biyu a rana ruwa ya ciko, ya shiga kurmin itatuwan mangurob masu saiwoyi tsaitsaye cikin laka, sannan ya janye. Da ya janye sai mata su shiga laka da kwanduna suna tsintar ƙananan dodon koɗi da ƙaguwa. A tsakanin saiwoyin nan kifi da jatan lande suke hayayyafa. Gonarsu ke nan tun kaka da kakanni.

A 2008 bututun Shell mai kai ɗanyen mai tashar Bonny, inda ake lodinsa a jiragen ruwa, ya fashe har sau biyu, ya yi makonni yana tsiyaya. Cikowar tekun nan da ke kawo musu abinci, ita ta riƙa kwasar man tana shafa shi lungu-lungu. Itatuwa suka mutu a tsaye. Sai da mutanen gari suka kai ƙara Landan, sannan a 2015 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 55. Masunta kimanin 15,600, kowanne ya tashi da kusan naira dubu 600. Wallahi wannan bai kai diyyar sana'ar gado ba.

Abin da ya fi ci mini rai, an ɗauka da an biya shi ke nan an gyara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mangurob da hannu ake dasa shi, ɗaya bayan ɗaya, cikin laka har gwiwa, kuma inda ya mutu wani baƙon kwakwa mai suna nipa ke mamayewa. Masu tace mai ta ɓarauniyar hanya su ma suna ƙara ɓarna, ba zan wanke su ba.

A Bodo ɗin aka ƙaddamar da aikin tsaftace Ogoni a 2016. Wakilanmu da suka tsaya tsayin daka a dokar man fetur ta 2021 don a ware kuɗin neman mai a Arewa, ina so in ji su da irin wannan muryar suna tambayar HYPREP, hukumar da aka ɗora wa aikin tsaftace Ogoni, nawa ta kashe, kuma kadada nawa ta dasa.