Saboda lambar riga ake azabtar da jiki da yunwa

A watan Yunin 2025 TikTok ya toshe maudu'in SkinnyTok, inda ake kwaɗaita wa mutane matsananciyar rama, bayan matsin lamba daga gwamnatin Faransa, aka yi ta yabawa. Ni dai ban ga abin yabo ba. Toshe kalma ɗaya ba zai rufe bakin masu koya wa 'yan mata cewa kwana da yunwa alama ce ta kamun kai ba, alhali abin da ake nema bai wuce riga mai ƙaramar lamba ta shiga jiki ba.

Ita kanta lambar ba ta da tushe. Amurka ta fitar da ma'aunin kayan mata a 1958, ta janye shi a 1983, kowane kamfani ya koma rubuta abin da ya ga dama. Rigar da aka rubuta wa 10 a nan, 14 ce a can, wasu ma da gangan suke rage lambar don mai saye ta ji daɗi ta ciro kuɗi. A kan wannan ne mace za ta yi makonni tana jiri?

Masu cewa jikinta ne, ta yi yadda take so, ba su san abin da yunwa ke yi wa tunani ba. A gwajin da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, masanin kimiyya Ancel Keys ya rage wa lafiyayyun maza 36 abinci na wata shida har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka shiga ƙunci da saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, da aka sake su kuwa wasu suka rinƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Wanda yunwa ta kai shi nan, wane zaɓi ya rage masa?

Jiki ma ba ya yafewa. Rama ta gaggawa tana cinye tsoka, tana haifar da tsakuwa a matsarmama, gashi ya zube, haila ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Mafi muni su ne masu haɗawa da maganin gudawa ko na sa fitsari, domin sinadarin fotashiyam na raguwa a jini, bugun zuciya ya rikice. Luisel Ramos, 'yar tallar kayan ƙawa a Yurugwai da ta azabtar da kanta da yunwa, tana da shekara 22 zuciyarta ta tsaya a wajen baje koli a 2006. Garin neman gira an rasa ido.

Duk da haka a 2022 tauraruwar talabijin ta Amurka Kim Kardashian ta fito tana alfahari da zubar da kilo 7 cikin mako uku don ta shiga rigar marigayiya 'yar fim Marilyn Monroe, miliyoyin yara mata suna kallo. Wannan rashin tausayi ne, ko da wane suna aka kira shi.

Na san ƙiba mai yawa cuta ce, babu mai musu. Amma likitoci rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako suke ba da shawara, kuma don lafiya, ba don wata riga ba. Faransa ta tilasta wa masu tallar kayan ƙawa takardar likita tun 2017. Sauran ƙasashe su bi sahu, a kuma ɗora wa kamfanonin sada zumunta alhakin abin da suke tura wa yara, tare da tara mai zafi idan suka ƙi.