Mota ba ta "shan ruwa", ku daina yaudarar kanku

Duk wanda ya ƙara ce min "ai haka take, tana ɗan shan ruwa", wallahi sai mun ɓata. Raƙumi ce? Kun dai ga hoton da na ɗora jiya, Corollar ƙanina a gefen titi a Kwanar Dangora, bonet a ɗage, tururi na tashi kamar ana turara dambu. Wata uku yaron nan yana yawo da jarka biyu a but, kullum da sassafe sai ya ɗura kafin ya tayar. Na yi magana, ya ce min "Yaya, bakanikena ya ce ba komai, zafin gari ne." To madalla, ga zafin gari nan ya ƙone gasket, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Ruwan lagireto ba fetur ba ne, ba ƙona shi ake yi ba. A rufe yake zagayawa: famfo ya tura shi cikin injin, ya kwaso zafi, ya dawo lagireto iska ta fifita shi, ya koma. Lafiyayyar mota sai ta yi watanni ba ka ƙara mata ko kofi guda ba. In kana ƙarawa kowace safiya, akwai inda yake fita, kuma ƙari ba gyara ba ne. Ɗibar ruwa da kwando kawai kake yi.

Sai kuma manyan injiniyoyinmu da suka ba shi shawarar ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wani ma ya ce garin barkono ya fi kamawa. Saura albasa da magi, a kira mai shayi ya kawo burodi. E, na sani, yana toshe hujin na kwana biyu. Amma ƙwan bai san hujin da ka aike shi ba, har siraran hanyoyin da ruwan ke bi a cikin lagireto sai ya liƙe su.

Alhali neman yoyon ba wani aikin wahala ba ne. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da daddare, da safe ka duba inda ya jiƙe. Ruwan AC fari ne tas, ba shi da wari. Kulan kuwa, wato ruwan lagireto na kanti, kore ne ko ja-ja, da santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma duk inda ya tsatso ya bushe sai ya bar ɓawo mai launi, kamar ya nuna maka wurin da yatsa. Wanda yake ɗura ruwan rijiya zalla ya riga ya yi asarar wannan shaidar. In injin ya huce, ka matsa tiyon sama da na ƙasa, ka duba bakin kilif. Ka leƙa famfon ruwa, akwai ɗan rami a jikinsa da yake fara ɗiga idan robar ciki ta mutu. Ka taɓa kafet ɗin ƙafar mai zaman banza, in da danshi, mai yiwuwa hita ce ke yoyo. Murfin lagireton ma da kuka raina, ku karanta abin da aka rubuta a kansa, 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, wannan murfin ne ke danne shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robarsa ta lalace, ruwan zai yi ta ficewa kana tafe, ka tsaya ka ga ƙasa a bushe, ka ce aljanu ne.

Motar ƙanin nawa kuwa, wani dattijon bakanike muka kai wa bayan an jawo ta. Bai yi dogon surutu ba, ya ɗaura ɗan famfon gwaji a bakin lagireton ya buga iska. Ko minti biyar ba a yi ba, sai ga ruwa yana tsartowa siriri kamar zare daga wata tsaga a robar saman lagireton, dab da wuya. Sai da matsi take buɗewa. Ya buɗe murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa ya nuna min, kamar shayi mai kauri, ruwa ya riga ya gauraya da man. Ya ce "Alhaji, da tun farko aka zo, lagireto kawai za ka sayo a Kofar Ruwa. Yanzu sai an sauke kan injin."

Na san wani zai ce kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ina ruwanmu. Je ka leƙa cikin butar shayin gidanku ka ga farin dutsen da ruwan rijiya ya bari, sannan ka dawo mu yi magana. Kulan yana hana tsatsa cin injin ta ciki. Masu cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, su haɗa fanka dairek kuma, ku ma ba yoyon kuka gyara ba, bakin mai ba da labari kuka toshe.

Maganar gaskiya, na san halin da ake ciki. Mutum yana lissafin kuɗin makaranta da na cefane, jarkar ruwa kyauta ce, gareji kuwa kuɗi ne. Ban ga laifin mai jin tsoro ba. Amma don girman Allah, in allurar zafin injin ta hau, ka tsaya ka kashe, kuma kada ka taɓa murfin nan da zafinsa. Na taɓa ganin hannun da ruwan ya saɓule wa fata, ba na fatan in sake gani. Ragowar kulan kuma kada a zuba a robar lemo a ajiye a tsakar gida, guba ce mai zaƙi, yara da awaki ba su san bambanci ba.