Kakar Edinbara Da Shaddojina Biyar

Duk abin da ya same ni a Edinbara, babban birnin Sikotland, kalma ɗaya ce ta jawo mini shi, wato kaka. Da aka aiko mini da takardar gayyata zuwa wani taron ƙara wa juna sani na mako biyu a ƙarshen watan Oktoba, ɗan yayata da ke karatu a can ya bugo waya ya ce, "Kawu, lokacin kaka za ka zo, a shirya sosai." Ni kuwa na san kaka tun ina yaro: gero ya shigo gida, ruwa ya ɗauke, rana tana dukan mutum da zafin da ya haura digiri 30, hunturu kuma sai can gaba. Saboda haka na fahimci cewa shirin da yake nufi shi ne in fita kunya a gaban Turawa.

Na tafi Kantin Kwari na yanko shadda kala biyar, tela ya ɗinka mini manyan riguna uku da kaftani biyu, aka sa musu sitaci, masu bugu suka buge su har suna ɗaukar ido. Na haɗa da huluna zanna huɗu da takalmi sau-ciki na fata. Uwargida ta kawo wata tsohuwar suwaita da ta saya mini a Kofar Wambai ta cusa a gefen akwati, amma da na ɗora a sikeli na ga ya wuce kilo 23 da aka yarda wa fasinja, sai na cire ta domin garin kuka da daddawa da yajin da aka ba ni saƙo su sami wuri. Ta ce, "Malam, ƙasar sanyi fa za ka." Na amsa mata da cewa wanda bai taɓa tsallake Zariya ba bai kamata ya koya wa matafiyi haɗa kaya ba, maganar da har yau nake biyan bashinta.

Mun sauka da hantsi, ma'aunin zafi yana nuna digiri 8. Ƙofar filin jirgi tana buɗewa, iska ta shiga ta hannun babbar rigata ta dama ta fita ta hagu ba tare da sallama ba. A nan na gane cewa babbar riga, da duk kwarjininta, an ƙirƙire ta ne domin iska ta ratsa jikin mai ita, kuma ta yi wannan aiki a Sikotland da cikakkiyar biyayya. Ɗan yayata ya tarye ni cikin wata jibgegiyar riga mai hula, ya dube ni tun daga zanna har sau-ciki, ya ce, "Kawu, ina sauran kayan?" Na nuna masa akwati cikin alfahari, shi kuwa da ya buɗe a masauki sai ya zauna a bakin gado ya yi shiru kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Washegari na ƙi jin shawara, na saka farar shadda na nufi taro a ƙafa. Ruwan can ba ya yin hadari da tsawa ya gargaɗi mutum kamar namu, yayyafi ne siriri da iska ke kaɗo shi ta gefe, yana tsayawa yana dawowa. Kafin in kai tsakiyar gadar da ta bi ta saman babbar tashar jirgin ƙasa, sitacin ya narke, shaddar ta manne mini a jiki, lemar da na saya a hanya ta juye ciki ya koma waje, zanna kuma ta tashi ta bi iska, ina tsaye ina kallonta tana gangarawa wajen jiragen ƙasa. Wani dattijo mai busa algaitarsu ta gargajiya, sanye da ɗan zanen nan nasu na maza da ke tsayawa a gwiwa, ya dube ni da tausayi, alhali shi ƙwaurinsa a waje yake.

Da yamma yaron ya ja ni zuwa wani shagon sadaka da ake sayar da tsofaffin tufafi, wato gwanjo a garin da gwanjo yake fitowa. Ya zaɓar mini rigar ciki mai riƙe ɗumi, da suwaita ta ulu, da jaket wadda ruwa ba ya ratsawa, da safa mai kauri, da takalmi mai rufe idon sawu. Ya yi mini bayanin cewa hikimar ita ce a jera tufafi marasa nauyi ɗaya bisa ɗaya, domin cikin gine-gine akwai na'urar ɗumama ɗaki, mutum ya shiga ya rage, ya fito ya mayar. Ban saurari wannan kashi na biyu ba, don haka na gabatar da jawabina cikin riguna huɗu ina gumi kamar mai gasa tsire. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta riƙa yi kafin ƙarfe 5, sanyin ya sami ƙarin lokacin aiki a kaina.

Ranar dawowa akwati ya sake yin nauyi, sai na saka gwanjon gaba ɗaya a jikina, na sauka a Kano da azahar cikin ulu da jaket. Uwargida ta tarye ni a tsakar gida, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, sannu da hanya, ina zanna ta huɗu?" Sannan ta shige ɗaki ta fito da suwaitar Kofar Wambai a ninke, ta ajiye ta a kan akwatina, ta tafi kawo ruwa.