Suwimin ful a gida babu shinge, wallahi ganganci ne

Yanzu duk wanda Allah ya buɗa wa ya tashi gini a Abuja ko Kano ko Kaduna sai ka ga an haƙa suwimin ful a bayan gida, an sa tayil shuɗi, an jera fitilu da kujeru, amma ka ce ina shingen da zai tare yaro sai mai gidan ya ce ai zai ɓata kyan wajen, kuma ai akwai masu aiki. Toh wannan "akwai masu aiki" ɗin ita ce ke damuna.

Mu tuna ɗan mawaƙi Davido mana, yaro ɗan shekara 3, ƙarshen Oktoban 2022 ya nutse a ful ɗin gidansu a Banana Island da ke Legas, har 'yan sanda suka kwashi ma'aikatan gidan don yi musu tambayoyi. Kafin shi a Yunin 2018 ɗan mawaƙi D'banj, ɗan shekara ɗaya da kaɗan, shi ma haka a Ikoyi. Ba wai ina zargin iyayen bane, Allah ya ba su haƙuri, ba wanda zai so wa maƙiyinsa wannan. Abin da nake so mu gani shi ne gidajen nan akwai kuɗi, akwai mai gadi, akwai mai raino, kuma duk da haka abin ya faru. Idan mutane suka yi yawa kowa sai ya ɗauka ɗayan ne yake kallon yaron, uwa ta ce yana wajen mai raino, mai raino ta ce ai yana wajen yayyensa, kafin a ankara an wuce wajen. Shi yasa ranar suna da biki da batide da zuwa shotlet (gidan haya na 'yan kwanaki) da sallah sune ranakun da na fi jin tsoro.

Kuma yawancinmu mun ɗauka wanda zai nutse ihu yake yana dukan ruwa. Ina! Ƙaramin yaro shiru yake tafiya, kansa ya rinjayi jikinsa, da ya kifa baya iya ɗagowa balle ya kira mama, kina falo kina duba waya ba za ki ji komai ba. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya shige ƙasa, kuma ƙwaƙwalwa in ta yi kamar minti 4 zuwa 6 babu iska ta fara lalacewa kenan ko da an ceto ran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan mutum 300,000 ruwa ya ci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A Amurka ma nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Su da suka daɗe da ful a gidaje ba su bar abin a hannun "a dinga lura" ba, a Ostareliya doka ce ka kewaye shi da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofar da ke rufe kanta ta kulle kanta, Faransa ma tun 2003 ta yi dokar tilasta kariya ga ful na gida. Mu kuma mun kwaso adon mun bar kariyar. Kuma shingen ta ko'ina ake yi, har tsakanin ful da ƙofar falo ko kicin, don yaron daga cikin gida yake fitowa ba daga titi ba, katangar gidanka mai waya da lantarki ɓarawo kawai take tarewa. Welda na unguwa zai haɗa maka, kuɗin bai kai na janaretan da ke gefe ba.

Masu cewa ƙaddara ce, eh mun yarda ajali baya wuce lokacinsa, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Kar talaka ya ce wannan matsalar masu kuɗi ce fa. Rijiya babu murfi, tankin ƙasa, sokawe da aka bari a buɗe, durom, kai har baho da bokitin wanki da aka manta da ruwa a ciki sun isa, 'yan kwana-kwana a Kano ba sa rabuwa da ciro yara daga rijiya da kududdufi musamman da damina. Waccan robar da ake hura wa iska a sa wa yaro a hannu kuwa kayan wasa ce, kar ta ruɗe ki ki juya baya.

In an nemi yaro an rasa, wajen ruwa za a fara dubawa kafin ɗaki ko maƙwabta. In Allah ya kiyaye an ciro shi baya numfashi, don Allah a daina kifa shi ana danna ciki wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ne kuma amai zai iya komawa huhu. A kwantar da shi a ƙasa, a hura masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka wani kuma ya nemo mota ko ambulan. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake a kai shi asibiti likita ya duba huhunsa.