Me ya sa jaruman finafinanmu ba su taɓa kallon fim ba?

Mutanen da ke cikin yawancin finafinanmu da littattafan da ake karantawa a waya sai ka ce ba a taɓa yi musu tatsuniya ba. Uwargidan da ba ta taɓa sakar wa amarya fuska ba za ta aiko da kwanon dambu, amarya ta gyara zama ta cinye tas. Yaro ɗan shekara 10 da ke kallo ya riga ya san an yi barbaɗe. Maigida zai tsinci saƙo a wayar matarsa, ba bincike ba tambaya, sai takardar saki. Alhali in da gaske a Kano ko Damagaram waɗannan mutane suke zaune, sun ga irin wannan makirci a talabijin ya fi a ƙirga.

In ka yi wa marubuci wannan ƙorafi, amsarsa a shirye take: ai in amarya ta gane, labari ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin littattafan da muka taso da su.

Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san Shaharzad ba ta shiga gidan Sarki Shahrayar da makami ba. Sarkin da ke auren budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe, ita da kanta ta nemi a kai ta wurinsa, don ta san abu guda: mutum ba ya iya haƙura da labarin da aka tsinke masa a tsakiya. Ta shirya da ƙanwarta Dunyazad ta roƙi labari, ta kuma auna shi yadda asuba za ta riske su a daidai inda rai ya fi son jin ci gaba. Kowane dare dabarar na iya ƙin ci, kuma wuyanta ne a kan wuƙa. Wannan fargabar ce ke riƙe mai karatu.

Abubakar Imam ya kawo mana irin wannan gida a Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla yadda Musa ɗan sarki zai fita daga gida ya faɗa hannun abokan gaba, Aku kuwa ba shi da dakaru, sai baki. Abin da ke burge ni shi ne Aku ba ya fitowa ƙiri-ƙiri ya ce wa yaron kada ya fita. Sai ya nuna kamar yana goyon bayansa, ya jefa wata magana da ta shafi wani mutum da abin da ya same shi, ya bar Musa da kansa ya tambayi yadda aka yi. Kafin a kai ƙarshe gari ya waye. Tsarin akun da ke tsare mutum da labari har asuba tsoho ne, daga Indiya ya taso, kuma a littafin Tutinama na Farisawa tsuntsuwar da ta fara yin nasiha kai tsaye kashe ta aka yi. Aku ya san labarai, amma abin da ya cece shi da ubangidansa shi ne ya san halin ɗan sarki mai ji da samartaka, wanda umarni ke tunzura shi, son jin ƙwaƙwaf kuma ke zaunar da shi.

To, a ba amaryar nan rabin wayon Aku mana. Ta buɗe kwano, ta tuna finafinan da ta gani, ta ƙi ci. Yanzu fa aka fara. In ta zubar, ƴar aike za ta kai rahoto. In ta gaya wa miji, ita ce mai zargi da raba kan gida. In kuma dambun lafiyarsa ƙalau, uwargida ta gaji da gaba ne tana neman sulhu, to fim ya sa amarya ta yi wa kanta asara. Ko wanne aka bi ya fi zuwa wurin boka a minti na 40.

Wannan na dambu mai lafiya ma ya fi daɗi, domin sanin yadda labari ke tafiya yana iya kai mutum ya baro. A tatsuniyar ruwan Bagaja, ƴar mowa ta san hanya sarai, ta ji duk abin da ƴar bora ta tarar da irin dukiyar da ta dawo da ita. Ta bi sawu ɗaya bayan ɗaya, ba ladabi ba haƙuri, ta dawo da kutare da makafi. A Sifaniya ma Miguel de Cervantes ya gina littafi sukutum a kan haka, kashi na farko a 1605, na biyu a 1615. Don Kihote ya haddace ƙa'idojin labaran barade har ya ɗauka a cikinsu yake rayuwa, ya ga injinan niƙa masu aiki da iska ya ce ƙattai ne, ya kai musu sukuwa. Limamin cocin garinsu da wanzami suka sa aka ƙone littattafansa, bai warke ba. Wanda ya iya da shi wani ɗan makaranta ne, Samson Karasko, da ya yi shigar barde ya ƙalubalance shi bisa sharaɗin da labaran suka tanada, cewa wanda aka kayar zai bi umarnin wanda ya kayar da shi. Karon farko Karasko ne ya sha ƙasa. A karo na biyu, a Barsalona, ya yi nasara, ya umarce shi ya koma gida ya ajiye makami shekara guda, Don Kihote kuma ya bi, don a duniyarsa barde ba ya saɓa alkawari.

Na san akwai inda abin ke lalacewa. Finafinan Amurka na baya-bayan nan sun cika da jaruman da ke juyowa suna ƙyafta wa mai kallo ido, suna ba'a da tsarin da su kansu suke bi. Sau da yawa lalaci ne: marubuci ya san abin da ya rubuta tsohon yayi ne, maimakon ya gyara sai ya sa jarumi ya riga mai suka faɗa. Ba wannan nake roƙa wa Kannywood ba. Wanda nake nufi shi ne jarumin da saninsa ke da farashi. A fim ɗin tsoro na Scream, wanda Wes Craven ya ba da umarni a 1996, wani matashi mai suna Randy, ma'aikacin shagon hayar kaset, ya tsaya a tsakiyar biki yana lissafa wa abokansa dokokin tsira a fim irin wannan, ciki har da kada wanda ya fita yana cewa yanzu zai dawo. Suna ta dariya, mai kisa kuwa yana cikin gidan, kuma shi ma ya kalli finafinan da Randy ya kalla. Randy ya sha da ƙyar a wannan karo. A kashi na biyu da ya fito a 1997, da rana tsaka aka kashe shi, yana cikin yi wa mai kisan gardama a waya.