Shirwa tana nan, ina ungulu?

Jiya da hantsi shirwa ta sure wa Inna ɗan tsako a tsakar gida. Kaza na ta kururuwa, Inna ta bi ta da jifa da muciya tana Allah wadai. Nan na tuna rabona da ganin ungulu a Jega an yi shekaru.

Muna yara, in ka je mahauta da sassafe, ga su nan jere a kan katanga da rassan kuka, suna jiran a zubar da tumbi. Har tsakanin ƙafafun mahauta suke ratsawa, ba mai kula su. Yau je ka duba. Shirwa kaɗai ke shawagi, ƙasa kuwa sai karnuka.

A wajen masana tsuntsaye su biyun dangi ɗaya ne, su da shaho da mikiya. Amma ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittu ba ta sa shirwa cikin masu fuskantar barazana ba, ita kuwa ungulun gari tun 2015 aka sa ta a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa.

Shirwa ba ta zaɓen abinci: fara, ɓera, tsako, har wutar daji take bi tana cafke ƙwari. Ƙwai biyu ko uku take yi. Ungulu ƙwai ɗaya tak, in ya lalace sau da yawa shekarar ta tafi. Da me za ta mayar da gurbin waɗanda ake sa wa guba a mushe, a yanke kawunansu a kai kasuwa don tsibbu? A 2020 sama da 2,000 aka kashe haka a Gini Bisau. Ni da idona na ga busasshen kan ungulu a shimfiɗar mai magani, kuma wallahi raina ya ɓaci, don ba ta taɓa ɗaukar tsakon kowa ba.

Indiya ta ɗanɗana illar rashin ungulu. Maganin dabbobi diclofenac ya kusa ƙarar musu da ungulaye kafin a hana shi a 2006, karnukan titi suka samu mushe suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru.

Malamanmu da sarakunan pawa, ku yi magana a kan masu sana'ar kashe ungulu. Watan jiya jaki ya mutu a bayan unguwarmu, ya kwana huɗu yana wari, ko ungulu ɗaya ba ta sauka ba.